Kwalta da Gashin Kaza

Stony Ford, New Jersey
9 ga Mayu, 1776

Zuwa ga Yayana Jabez,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka Huldah da yara. Yaya ƙafarka, ta daina kumburi? Mu nan lafiya ƙalau, sai dai raina a ɓace yake.

Yaya, ka san ni. Shekara biyu rabona da shayi saboda harajin Sarkin Ingila, kuma ulun da ke jikin 'ya'yana ni na kaɗa shi da hannuna. In ana lissafin masu son mu ɓalle daga mulkin Ingila, da ni a ciki. To amma jiya 'yan kwamitin masu son ɓallewa na garinmu suka zo gidan niƙanmu da takarda, wai sai mijina Gershom ya sa hannu cewa zai ɗauki bindiga ya yaƙi Sarki. Ya ce musu shi mai niƙa ne, alkamar mai son Sarki da ta mai ƙinsa duk gari ɗaya suke bayarwa.

Shugabansu Van Alst ya hau surutu wai Sarki ya mayar da mu bayi. Yana faɗa, baiwarsa Sukey tana tsaye a rana riƙe da linzamin dokinsa! Surukina Baba Lemuel, wanda ya bar yatsu biyu a yaƙin Faransawa, ya leƙo ta taga ya ce, "Kai Van Alst, sau ɗaya na yi wa Sarki rantsuwa, a lokacin kana tsotson yatsa. Tafi ka share hancinka." Suka tafi suna huci.

Kai da kake cikin kwamitin gunduma, don Allah ka sa baki.

Ƙanwarka mai ƙaunarka,
Keziah

---

20 ga Agusta, 1776

Yaya Jabez,

Ina gaishe ka da iyali, da fatan zafin bana bai dame ku ba. Wasiƙarka ta iso. Layi huɗu! Wai an riga an shelanta 'yancin kai, lokacin yaƙi ne, Gershom ya sa hannu ya huta. To ga labarin hutun.

Ranar kasuwa, da rana tsaka, mutum kusan talatin suka fito da shi daga gidan niƙa. Suka tuɓe masa riga, suka kwarara masa kwalta mai zafi. Da gashin kazan da suka zo da shi bai isa ba, sai wani ya shiga ɗakina ya farke matashin kaina ya kwashe gashin da ke ciki. Suka ɗora shi a kan gungume suna zagaya gari da shi, suna ihun ga kazar Sarki. Yaya, babu baƙo ko ɗaya a cikinsu. Akwai wanda Gershom ya tsamo ɗansa daga rafi bara.

Ka san wanda ya shiga tsakani? Maƙwabcinmu Enoch Pell, ɗan cocin nan da ba sa taɓa makami, wanda kowa ke kira matsoraci, har da ni. Ya ratsa taron ya cire kwat ɗinsa ya lulluɓe Gershom, ya ce, "Abokai, ya isa haka, mutum ne." Suka fasa masa baki, bai ɗaga hannu ba, bai kuma matsa ba, har suka gaji suka watse.

Kwana uku ina goge kwalta da kitse, tana tahowa da fata. Hannunsa na dama bai ƙara damƙuwa ba. Ni nake ɗaga buhuna yanzu.

Har gobe ina son ƙasar nan ta tsaya da ƙafarta. Amma ka gaya mini, in mutum ba shi da ikon cewa a'a, mene ne wannan abin da kuka karanta mana a bakin coci kuna kaɗa ƙararrawa?

Ƙanwarka,
Keziah

---

14 ga Disamba, 1776

Yaya,

Gaisuwa gare ka da Huldah. Na ji yaronku ya yi zazzaɓi, Allah ya ba shi lafiya.

Sojojin Sarki sun iso mu. Baba Lemuel ya zaro tsohuwar jar rigarsa ta soja daga akwati, asu ya cinye rabinta, ya sa, ya fita bakin hanya yana sara musu da hannun nan mai yatsu uku. Ashe Jamusawa ne da aka yi hayarsu, ba sa jin ko kalma ɗaya ta bakinsa. Suka ture shi cikin taɓo. Suka kora saniyarmu, suka kwashe garin alkamar mutane da ke ajiye, suka farfasa ƙafar niƙan da ruwa ke juyawa suka yi makamashi da ita. Tsohon nan tun ranar bai ambaci Sarki ba, bai ambaci kowa ba. Yana zaune yana kallon murhu.

Van Alst jarumi tun kafin a ji gangarsu ya tsere. Sukey kuwa ta bi sojojin, don an ce suna 'yanta bayin masu tawaye. Na tare ta a bakin rijiya na ce kada ta amince da su, ga abin da suka yi mana. Ta ce, "Uwar ɗakina, naku 'yancin na ji ana ta kaɗa masa ƙararrawa, bai leƙo kicin ba. Bari in gwada nasu." Na ba ta mayafina.

Yanzu maganar wasiƙarka ta jiya. Ka ce in kwaso yara in zo gidanka mu ci sanyin nan tare, amma in bar Gershom, don zuwansa zai ɓata maka suna a kwamiti. Na karanta masa, domin ba na ɓoye masa komai. Ka san abin da ya ce? Wai kana da gaskiya, in tafi, yaran su sami abinci. Har ya tashi zai ɗaure mana kaya da hannu ɗaya. Yau da shi ma nake fushi.

Ba zan zo ba. Enoch ya raba masararsa biyu ya ba mu rabi, za ta kai mu bazara. In da gaske taimako kake so ka yi, aiko mana da gishiri. Ka rubuta sunan Gershom Tuttle a jikin buhun, da manyan baƙaƙe, da hannunka.

Ƙanwarka,
Keziah Tuttle