Motar da Ba a Tura Ta

Nguru

Yaya Abbagana,

Assalamu alaikum. Ya iyali, ya ƙarin haƙuri?

Wai ka taɓa ganin motar da ƙarti goma za su tura, ta ƙi tashi? To ni na gani. Ran Talata na ɗauko mahaifiyarmu Dada, za mu jana'izar ƙaninta Kawu Madu, can bayan Yusufari. Muka tsaya azahar a daji. Na dawo na danna maɓallin wannan sabuwar motar tamu, shiru. Batir ya mutu. Manoma suka bar geronsu, suka yi ta turi cikin yashi. Wani tsoho ya leƙo ya ce, "Samari, ina kulocin?" Babu! Mai canja giya da kanta ba ta tashi da turi. A amalanken shanu muka ƙarasa. An jira mu har la'asar, aka gaji aka kai shi. Dada ba ta ga fuskarsa ba.

Tsohuwar Fijon marigayi Baba fa? Ƙofarta da igiya ake ɗaurewa, amma in mutum biyu suka dafa ta, sai ta tashi. Kai ka sayar da ita. Don me?

Ka gaida gida.

Ƙaninka, Usama

Gashua

Usama,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya. Allah Ya jiƙan Kawu.

Wasiƙarka ta bara tana aljihuna. Ka rubuta cewa ka gaji da 'yan unguwa suna kiran ka "Usama A-Tura", in ban rabu da akwalar nan ba, ba ka ƙara taɓa sitiyari. Ranar da aka tafi da ita Dada ta yi kuka. Na ce mata ra'ayina ne, don kada ta riƙe ka a rai.

Fijo tana nan hannun wani direba, Laminu, tana jigilar tattasai daga Katuzu. Jiya na roƙe shi ya mayar mana. Ya yi dariya ya ce ba ta sayarwa ba ce.

Ka kula da Dada. Allah Ya ba mu haƙuri.

Yayanka, Abbagana

Nguru

Yaya,

Salamu alaikum. Na karanta sau uku.

Tun ranar jana'izar, Dada ba ta ambaci sunanka ba, ni kuwa kullum sai ta sa mini albarka wai na yi ƙoƙari. Ba zan iya ci gaba da karɓa ba.

Ka zo addu'ar bakwai da wasiƙar nan tawa ta bara. Ka karanta ta a gaban Dada da dangi, kada ka tsallake ko kalma. Sannan ka amsa mini a gabansu: kai ne babba, me ya hana ka ce mini a'a?

Ina jira. Ka huta lafiya.

Usama