Simintin da Kuka Shafa wa Zauren Babana

Gwandu, ranar Laraba, kwana tara da faɗuwar zaure.

Zuwa ga Alhaji Shugaban Ƙungiyar Raya Garinmu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da sabuwar motarka. Ranka shi daɗe, shekara uku ke nan ina haɗiye wannan magana, yau ta ƙi wucewa. Na rubuto a fili ne domin wasiƙu biyu da na aiko maka a rufe, an ce da ɗaya aka ƙunshe ƙosai a ofishinku.

Idan ka manta, ni ne Malam Bello da ya yi ƙoƙarin koya maka lissafi a aji huɗu, Allah bai nufa ba. Zauren taro na bakin kasuwa da ya rushe ranar Litinin ta makon jiya, mahaifina Mamman Magini ne ya gina shi tun ba a haife ka ba.

Na ɗaya. Ba zan ce maka waliyyi ne ba. Mafaɗaci ne, ga taurin kai, ga rowar yabo. Amma daga Kambaza zuwa Dodoru har Kalgo, duk mai son soro jiransa yake yi, ko da zai kai wani rani. Kafin ya yarda da ƙasa sai ya ɗanɗana ta da harshe, kamar mai sayen gishiri. Na ga ya rushe aikin kwana uku a Dangoma saboda tubali ɗaya ya karkace, mai gidan yana roƙonsa ya bari. Ni kuwa ya duba hannuwana ya ce ba su da amfanin komai, shi ya sa ya kai ni boko. Da haka na zama malami.

Na biyu. Ginin ƙasa abu ɗaya yake nema: yaɓe kowace shekara kafin ruwa ya sauka, a shafa makuba ta ɓawon ɗorawa, a share indararo. Ƙasa tana shan ruwa, tana fitar da shi idan rana ta fito. Baba ya yi wa zauren nan wannan hidima har ƙafafunsa suka daina hawa tsani, sannan ya koma zama a gindin bango yana zagin masu yi. Bayan rasuwarsa mutanen unguwa suka ci gaba. Ba injiniya, ba kwamiti, zaure yana tsaye.

Na uku. Da aka zaɓe ka, ka ce zauren yana kunyata gari idan baƙi sun zo daga Birnin Kebbi. Kuka kawo ɗan kwangila ya lulluɓe shi da siminti ciki da waje, aka shafa koren fenti, aka rubuta sunanka a saman ƙofa da manyan baƙaƙe, har da kuskure ɗaya. Na tashi a taro na ce siminti zai kulle ruwa a cikin bango, ƙasa ta jiƙe ta ruɓe ba wanda ya gani. Sakatarenka ya ce tsufa ne ke damuna, aka yi dariya, kai ma ka yi. Damina uku ruwa yana shiga ta tsagewar rufi ba ya samun mafita. A waje sabo fil, a ciki kunu. Da ya zube bayan azahar babu kowa a ciki, domin tuni kun mai da taro falonka mai fanka.

Na huɗu, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Ranar Juma'a bayan an idar da salla ka shaida wa jama'a cewa ginin mutanen da ne, aikin rashin ilimi, dama ya gaji. Alhaji, ka kashe zaure, kana kuma neman ɗora wa mamaci laifin. Mutumin da bai san baƙi ko ɗaya ba, shi ya tsayar da shi sama da shekara sittin. Ku masu takarda shekara uku ta ishe ku.

Abin da nake nema kaɗan ne. Ka tsaya a inda ka tsaya waccan Juma'ar ka faɗa wa mutane cewa siminti ne ya kayar da zauren, ba aikin Mamman ba. Azarar da ke cikin ɓaraguzai a ba ni ita, kafin masu tsire su gama kwashewa, don na ga sun fara. Sabon ɗakin bulo da kwano da na ji za ku gina kuma, kada ku sa masa sunan Baba. Ku sa naka, ya fi dacewa da shi.

Allah Ya ƙara maka lafiya da girma, Ya haɗa ka da masu faɗa maka gaskiya, Ya ba ka kunnen jin ta. Ni ma Ya yafe mini, domin ba kai ka fara ba. Soron gidanmu ni na rushe shi da kaina na sa bulo, shekarar da aka ba ni hedimasta, Baba yana zaune yana kallo. Sauran gine-ginensa masu su sun bi sahuna ɗaya bayan ɗaya. Wannan zaure shi ne na ƙarshe. Yau babu bango ko ɗaya a tsaye da hannunsa ya taɓa.

Wassalam.

Malam Bello, ɗan Mamman Magini.