Lemun Tsaminki da Gonata ta Cikin Waya

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan sanyi a maƙogwaron mai ƙishi,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ƙanwarki ta samu ƙarfin jiki, jaririyar kuma ta fara barinku ku huta. Sau biyu ina fara wannan takarda ina yagewa. Ta farko ta cika kare kai, ta biyu ta cika daɗin baki. Wannan ce ta uku, kuma ko ta karkace haka zan aiko ta.

Bari in faɗa tun zuciyata ba ta karaya ba: lemun tsaminki ya bushe, kuma ni na bar shi.

Kin tuna ranar da muka ɗauko shi daga gidan Baba, mahaifinki, bayan rasuwarsa? Da hannunsa ya shuka ƙwallon a tsohon bokitin fenti. Kika ɗora shi a cinya cikin tasi, kina kare ganyensa da gefen mayafinki kada iskar taga ta taɓa shi. Ni na huda gindin bokitin da ƙusa, huda biyar daidai wa daida, har kika yi dariyar da ba ki yi ba tun da aka yi rashin. Wace tauraruwa ce ta kai hasken fuskarki a wannan rana? Wane marmaro ne ya kai muryarki sanyi?

Ranar tafiyarki kuma kin tsaya a bakin ƙofa da jaka a hannu, kika ce, "Malam Agogo, aiki ɗaya na bar maka. Kofi biyu kowace safiya, kar ka ƙara, kar ka rage." Na ce to. Ban ɗaga kai ba. Ina girbin masara a waya.

Kwana ɗari huɗu da goma sha biyu na yi a wasan gonar nan ba fashi. Da farko da daɗi, ba zan yi masa butulci ba. Idan injin yanka takarda ya tsaya a wurin aiki sai in shiga, da yamma in nuna miki saniyata, ki ce ta fi ni ƙiba. Daga baya aka naɗa ni shugaban ƙungiya, mutum talatin da ban san fuskar ko ɗaya ba. Na sa wa kaina ƙararrawa duk bayan awa huɗu. Ina cikin cin abinci ta kaɗa, ina cikin magana da ke ta kaɗa, in zabura kamar wanda ake kira a ofishin manaja.

Shekaranjiya na zauna na bi littafina na kullum shafi-shafi. Rabon da in rubuta "na ji daɗin wasa" tun kwana na casa'in da ɗaya. Daga nan sai "na shiga, na girbe, na fita." A watan jiya kaf sau biyu kika fito a ciki, ɗayan ma cewa na yi kin tuna min in sayo gas. Wayyo ni! Shekara goma sha shida da aure, in mayar da ke layi ɗaya na sayen gas a littafi?

Kwana tara ina ba gonar ƙarya ruwa sau biyar a rana, na Baba yana baranda, taku bakwai daga kujerata. Tsohuwar maƙwabciyarmu ce ta fara gani, tana shanya. Ta ce, "Maigida, wannan iccen girki ka ajiye ko na sakace?" Na ruga na sheƙa masa bokiti guda. Ta riƙe haɓa: "Ka kashe shi da ƙishi, yanzu kuma za ka yi masa wanka? Manomin waya, sai ka ci a waya!" Sannan ta kankare bawon da farce, can ƙasa kusa da gindi, sai ga kore. Ta ce da sauran numfashi.

Akwai wani abin kunyar, shi ma ki ji. Na je wurin masu sayar da dashe, na samu wani mai tsayinsa da kamanninsa, har na gwada da rula. Na daɗe tsaye a kansa. Da na sa shi a bokitin, wataƙila ba za ki gane ba. Amma kullum da safe za ki riƙa gaishe da baƙo da sunan Baba, ni kuma ina kallo. Na dawo hannu wofi.

Ranar Laraba na miƙa shugabanci ga wani da ke kiran kansa Zakin Gona. Ya rubuto cewa, "Haba Shugaba, kwana ɗari huɗu za ka zubar a ƙasa?" Na ce masa wasan da ya koma gadi ba wasa ba ne. Na cire wasan daga wayar, na kashe ƙararrawar, ranar Alhamis ƙirgen kwanakin ya koma sifili. Duniya ba ta tashi ba! Babban yatsana dai har yanzu yana zuwa gurbin da babu komai: sau goma sha ɗaya ranar farko, jiya sau shida.

Ba zan rantse miki cewa na bari har abada ba, na san halina, kin fi ni sani. Hutun wata uku na ɗauka, na rubuta ranar da jan biro. Idan na koma, to da ke a gefena kina yi wa saniyar dariya. In babu wannan, ta mutu da yunwa, ba zan je ta'aziyya ba.

Ya ke ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, ki dawo ranar Asabar kamar yadda kika ce. Ki yi faɗa, ki yi fushi, ki hana ni magana kwana uku, duk na cancanta. Kawai kada ki ce "ba komai" da muryar nan taki mai sanyi, wadda na san akwai komai a cikinta. Gidan nan ba ke kango ne, har agogon bango ya zama min abokin hira.

Na datse busassun rassan, na matsar da bokitin inuwa. Kofi biyu kowace safiya, ban ƙara ba, ban rage ba. Ban yi miki alkawarin zai rayu ba, wannan na Allah ne. Amma jiya wani ɗan tsiro ya leƙo ta gefen gindin, milimita huɗu. Yau shida. Sau uku na auna, don kada idona ya yi min son kai.

Naki ni kaɗai, yau da gobe da ranar da hannuna zai kasa ɗaga kofi,

Malam Agogonki, wanda ya gyara lokacinsa.