Kujerar Muhuti da Tsohon da Ba a Sani Ba

Zuwa ga Alƙalin garinmu, Allah gafarta Malam.

Gaisuwa da ban girma. Bayan haka, ni ne Ilu, tsohon da ke ƙarshen unguwar marina, ta hanyar Malumfashi. Na gabatar da kaina ne saboda an ce da aka ambace ni a zaurenka, ana neman wanda zai maye gurbin muhutinka mai taya ka duba hukunci, sai ka tambaya ko wane ne. Ina roƙon a karanta wannan a gaban jama'a.

Na farko, tun ina saurayi na tafi Zazzau karatun fiƙihu, ban dawo ba sai da furfura. Duk rabon gadon da ya gagari ƙauyukan nan har Bakori, shirayin ƙofar gidana ake kawo shi. A raba, a yi godiya, a zo gabanka a tabbatar, ba mai faɗin wanda ya raba.

Na biyu, Sambo da kuke shirin naɗawa bayan girbi, ni na karantar da shi. Ban ce jahili ba ne. Amma abin da ya fi ni ba a littafi yake ba. Ba ya fashin gaisuwar Juma'a a ƙofarka, suna da jana'iza ba sa wuce shi, goro ba ya yanke masa, ga bafade mai shigar da maganarsa. Mu kuwa malaminmu ya hore mu kada mu tsaya ƙofar masu iko sai an kira mu. Na zauna jiran kira. Ba wanda ya gaya mini an daina kira.

Na uku, tun da maganar ta fita, magidantan da ke ɗaukar karatu wurina suka koma gidansa. Iyalina ta rasu da daminar bara. Yanzu nakan shimfiɗa tabarmi da hantsi, in naɗe su da azahar ba wanda ya zauna.

Roƙona ɗaya ne. Kafin naɗin, a zaunar da mu biyu gabanka, a kawo mas'alar gado, kowa ya warware. In ya fi ni, ni zan fara yi masa addu'a.

Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare hukuncinka daga son zuciyar makusanta.

Juma'ar nan zan zo gaisuwa. Ban san inda malamai ke zama a zaurenka ba, a sa wani ya nuna mini.

Wassalam.

Ilu na unguwar marina