Riƙe Yafiyarka

Babana,

Bayan gaisuwa, ya jikin kakarku, ya ƙannenka? Ni lafiya lau. Ƙafa ce kawai ke kumbura saboda tsayuwar guga a asibiti.

Na ga saƙonka. Wai littafin da aka rubuta kan fim ɗin nan da kuke kallo ya nuna matuƙiyar kumbon sararin samaniyar da ke ciki ba gudun 'ya'yanta ta yi ba, wata duniya ta tafi nema musu. Masu kallo sun daina zaginta, kai ma ka "yafe" mini tafiyata.

Riƙe yafiyarka, ban yi laifi ba. Ita sai da aka cika littafi kafin ku fahimce ta. Ni takalmin da ke ƙafarka ya ishe ni shaida. Sunkuya ka duba.

Allah ya shirya mini kai.

Mahaifiyarka