A Dawo Mana da Taken da Aka Yanke wa Kukumar Babana

Zuwa ga Alhaji Darakta,
Cibiyar ɗaukar sautin da ta ɗauki kiɗan mahaifina,
Nassarawa GRA, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Alhaji yana lafiya tare da iyali da ma'aikata.

Ranka ya daɗe, sunana Rabi, malamar firamare ce ni a Kawaji. Ni ce 'yar Malam Isiyaku mai kukuma, dattijon da ya zo ɗaukar kiɗa wurinku bayan ƙaramar Sallah. Ban so maganar nan ta fito fili ba. Na yi sintiri ofishinka har na gaji, na kira waya ba a ɗaga ba. Zuwana na ƙarshe, Malam Sale mai gadi ya sunkuyar da kai ya ce, "Yi haƙuri Malama, an ce kada in buɗe miki." To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ga mafarin zancen, saboda masu karatu. Bara na ɗora bidiyon Baba yana goga kukuma a tsakar gidanmu na Tudun Murtala. Wani makaɗi a ƙasar Iran, Malam Bahram, ya gani ya turo saƙo. Abin kiɗansa ɗan'uwan gogenmu ne, kuma ya ce a kiɗansu na gargajiya ɗaya ne ke faɗa, ɗaya ya amsa. Baba ya yi dariya ya ce, "Ashe 'yan amshi har Farisa!" Daga nan suka ɗinke. Baba ya goga in tura ta waya, bayan kwana biyu amsa ta dawo. Ni ce tafinta, amma sau da yawa ba sa ma neman bakina.

Abu ɗaya ne Baba bai taɓa bari na ɗauka a waya ba. Kafin kowane kiɗa yakan buɗe da taken maigidansa, marigayi Malam Tanko, wanda ya koya masa sana'ar. Take ne mai sanyi, ba kalangu ba tafi, yana tafiya yana tsayawa kamar mai tsallake rafi. Sai ya ƙare shi yake ce mini, "To, kunna abin naki." Malam Bahram ya ji shi sau ɗaya muna kiran bidiyo, ya roƙa a ɗaukar masa don ya ɗora amsarsa a kai. Baba ya daɗe yana juya maganar kafin ya yarda, da sharaɗin a ɗauka a wuri mai mutunci. Ni na zaɓo cibiyarku, ni na kawo shi a adaidaita-sahu yana rungume da kukumar.

Ga kokena.

Na ɗaya, kun yanke taken. Da na tambayi injiniyanku dalili, sai ya ce, "Ai tsoho gyaran tsirkiya yake yi a wurin, ba kiɗa ba ne." Ranka ya daɗe, ina tsaye a bayan gilashin ɗakin ɗaukar sauti ranar. Ban taɓa ganin mai gyaran tsirkiya ya rufe ido hawaye na bin gemunsa ba. Rashin sani ba laifi ba ne, amma muna nan a wurin, me ya hana a tambaye mu?

Na biyu, kun shimfiɗa kiɗan fiyano a ƙarƙashin abin da ya rage, irin na gidan biki, kuka tura wa Malam Bahram ba mu ji ba, ba mu gani ba. Bawan Allah ya rubuto mini cikin ladabi cewa an aiko masa da gida babu ƙofa, yana tambaya ko shi ne ya yi wa Baba laifi. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Na uku shi ne ya hana ni sukuni. Ana cikin damina Baba ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, kuma ɓangaren dama ne, hannun da yake gogawa da shi. Likita bai yi mana alƙawarin komai ba. Malam Tanko ya rasu tun ina goye, kuma Baba bai yaye ɗalibi ko ɗaya ba. Ke nan duk duniya taken nan wuri ɗaya ya rage, cikin kwamfutarku. Injiniyan naku kuwa da bakinsa ya shaida mini za a share tsofaffin ayyuka kafin a shiga ɗaukar waƙoƙin 'yan siyasa. Duk motar da na ga ta wuce da lasifika, sai in ce ga lokacin sharewar ya zo.

Sakatarenka ya ce duk abin da aka ɗauka a cibiya mallakar cibiya ne. Ban zo jayayyar doka ba, ban ma san hanyar kotu ba. Ku riƙe naku mai fiyanon, Allah ya sa ya karɓu. Amma taken Malam Tanko ba a ɗakinku aka haife shi ba.

Don haka ina roƙon Alhaji ya ba da umarni yau, ba gobe ba, kada a taɓa abin da aka ɗauka ranar. A ba mu shi ɗanye yadda ya fito daga hannun Baba, har da tarin da ya yi kafin ya fara. In ma an riga an share, a dubi girman Allah a faɗa mini gaskiya, a daina ɓoyewa bayan mai gadi.

Allah ya ƙara wa Alhaji lafiya, ya albarkaci sana'arsa, ya ba shi 'ya'yan da za su riƙe masa abin da ya bari.

Har yau Baba bai san an yanke taken ba. Kullum na shiga gaishe shi, sai ya yunƙura da harshensa da ya yi nauyi ya ce, "Ɗan'uwana ya amsa?" Ni kuma in ce masa hanyar ce da nisa. Alhaji, daga Tudun Murtala zuwa Iran saƙo bai taɓa ɓata mana ba. A Nassarawa ya maƙale.

Wassalam.

Rabi Isiyaku,
Tudun Murtala, Kano.