Geron da Ya Tsira a Buhu

Kambarawa, Katsina
14 ga Yuni, 1999

Zuwa ga matata Mairo,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya nauyin jiki? Yaya Inna da mutanen Maraɗi?

Ba zan samu zuwa ba kamar yadda na yi alkawari. Kin san tun da naira ta faɗi, sefa ta yi ƙarfi, 'yan kasuwarku suke kwasar gero a Babbar Kasuwa mota mota. Ganin haka na sayar da rumfata, na cika mota guda da gero don in kai Maraɗi da kaina. Sai tiya ta gagari talaka a nan, kuka ya yi yawa, aka hana hatsi ƙetare iyaka. Motar tana Jibiya kwana tara ke nan. Can nake wuni, yau wanka kawai na zo yi.

Naki,
Almu

Jibiya
6 ga Yuli, 1999

Mairo,

Bayan gaisuwa, yaya jego? Ƙanwarki Dije ta same ni zaune a ƙarƙashin mota, ta ce kin sauka lafiya, namiji. Na yi hamdala. Na jira farin ciki ya zo, bai zo ba, baƙin ciki ma bai zo ba. Kada ki riƙe ni da wannan. Ban zo suna ba don in na ɗaga ƙafa direban zai sauke kayan a bakin titi.

Manyan ƙasarmu da na ƙasarku suna ta zama a Katsina kan maganar iyaka. A nan sojoji sun sauka daga mulki, yanzu masu manyan riguna ne. Kullum rediyo na cewa mu 'yan uwan juna ne, ana dab da daidaitawa. Ruwa ya doki buhunan sau uku, tamfol ɗin kuma ya yage.

Naki,
Almu

Kambarawa
2 ga Agusta, 1999

Mairo,

Ina gaishe ki, ina gaida yaro da Inna. Allah Ya sa kowa lafiya.

An sa hannu, an buɗe hanya ranar Alhamis. Da muka kwance igiya, geron ya tsira, saiwa ta huda buhuna, na ƙasa ya ruɓe. Masu jakuna suka kwashi abin da za su iya. Na tsaya ina kallo har suka gama, na ma taya wani tsoho ɗaurawa.

Ki gaya wa yayanki Baraka na karɓi aikin awo a shagonsa. Sau biyu ina ƙi, ina cewa ɗan Katsina mai rumfa ba ya yi wa suruki awo. Yanzu ban ga abin ƙi ba. Kada ki haɗa kayan dawowa. Na mayar wa mai gida makullin ɗakinmu, gadonki yana wurin Talatu maƙwabciya.

Ina tafe ranar Talata da motar safe. Ki fito da yaron zaure, in fara ganinsa kafin in shiga gaida kowa.

Mijinki,
Almu